Daga Wuri zuwa Sefa: Don Mi Muke Cewa Dala?

Yau darasinmu a kan kuɗi ne.

Ka ɗauko takardar da anka rubuta 500 a kanta. In ka shiga kasuwar Katako ko ta Wadata nan Yamai, ba mai ce maka ɗari biyar. Dala ɗari za a ce. To, ina ɗari huɗu sunka shiga? Nan ne ɗalibanmu na yaƙi da jahilci ke ruɗewa, har wani ya sa hannu a kan takardar bashi bai san nawa ya ɗauka ba.

Mu koma baya. Mutanen Masar na zamanin Fir'auna sun yi shekaru dubbai suna ciniki ba su da kwabo. Suna da wani ma'auni, deben, nauyinsa wajen giram 91 na jan ƙarfe. A yi wa sa kuɗi da deben, amma mai saye ya biya da tufa, da mai, da hatsi. Deben lissafi ne na baki. Sai bayan Iskandar ya ci ƙasar, shekara 332 kafin haihuwar Annabi Isa, kuɗin ƙarfe sunka yaɗu.

Mu kuwa da wuri kakanninmu sunka yi ciniki, wurin da ake kawowa tun daga tsibiran Maldib. Ga kuma babban kuɗin azurfa na Turai mai hoton sarauniya Mariya Tereza, wanda fatake ke kira liyari ko dala. A 1851 Bature Barth ya tarar dala ɗaya wuri 2,500 ce a Kano. Ku dubi wahalar ƙirga!

Da Faransawa sunka zo da azurfarsu ta tamma biyar, sai sunan dala ya koma kanta. Ran 26 ga Disamba 1945 anka ƙirƙiro sefa. A Janairu 1994 anka karya darajarta da rabi, wanda ya gani bai manta ba. Duk da haka bakinmu bai saki dala ba.

Saboda haka, malam, abin da ka gani a rubuce tamma ne. Raba shi biyar, ka sami dala. 25 dala biyar ke nan, 100 dala ashirin, 1,000 dala ɗari biyu, wato jikka guda. In za a rubuta maka bashin dala ɗari uku, duba da idonka, 1,500 ya kamata ka gani.