Kwalliyar ido: kada garin neman gira a rasa ido

A duk kwalliyar da mace take yi, babu wadda mutane suke fara lura da ita kamar ta ido. Shi ya sa tun kaka da kakanni kwalli ba ya rabuwa da ɗakin mace a ƙasar Hausa, kuma ko a wajen Fulani Wodaaɓe, samari ma suna zizara shi idan za su shiga rawar Gerewol. A yau kuwa kwalli ya samu abokan zama. Duk wanda ya zagaya kasuwar Dole ta Damagaram ko babbar kasuwar Maraɗi zai ga jagira, gazar, maskara da hodar ido launi-launi, ƴan mata suna saye ba tare da an koya musu yadda ake amfani da su ba. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi wa ƴan uwanmu masu koyo bayani, domin ido guda biyu ne kacal, kuma ba a sayar da shi a kasuwa.

Matakin farko shi ne tsabta. Ki wanke hannu da sabulu, ki wanke fuska, ki bari ta bushe. Idan fatar idonki mai maiƙo ce, ki ɗan shafa mata hoda kaɗan, don kada zufar bazara ta narkar da kwalliyar tun kafin ki isa gidan biki. Ki zauna inda akwai haske sosai, ki ajiye madubi a gabanki, ki dogara gwiwar hannunki a kan tebur ko a kan cinyarki. Rawar hannu ita ce babbar matsalar mai koyo, kuma wannan dogarawar ce maganinta.

Daga nan sai gira. Ki taje ta sama da ɗan buroshi, sannan ki cike guraben da gashi bai fito ba da jagira, kina yin ƴan gajerun zane kamar gashi. Jagira mai ruwan ƙasa ta fi baƙa wuluk kyau a fuskar yawancinmu. Aske gira ƙwal da reza a sake zana wata a goshi ba ya ƙara kyau, kuma idan reza ta aro ce, tana iya ɗauko cuta daga jinin wata.

Hodar ido kuwa, launi biyu sun ishi mai koyo: mai haske da mai duhu, dukansu masu kusa da launin fatarki. Ki shafa mai hasken a kan fatar ido gaba ɗaya, ki sa mai duhun a lungun da fatar take lanƙwashewa, daga gefen waje, sannan ki murza a hankali har sai iyakar da ke tsakaninsu ta ɓace. Shuɗi da kore da mai ƙyalƙyali, a bar su sai hannu ya faɗa.

Wajen jan layi, kada ki ce sai kin ja shi a tashi ɗaya. Ki ɗiga ƴan ɗigo a gindin gashin ido na sama, sannan ki haɗa su. Mun san al'adarmu ita ce a zura kwalli a cikin ido, to amma likitocin ido suna ba da shawarar a tsaya a wajen gashin. Dalili shi ne, a bakin fatar ido akwai ƴan ƙananan kafofi masu fitar da maiƙon da ke hana hawaye bushewa da wuri. Idan suka toshe, sai ido ya riƙa ƙaiƙayi yana ja, musamman lokacin ƙurar hunturu.

Maskara ita ce ta ƙarshe. Ki fara daga gindin gashin ki ja zuwa sama, sau ɗaya ko sau biyu. Idan ta bushe a kwalba kada ki zuba mata ruwa, balle miyau. Ƙa'idar da likitocin ido suke bayarwa ita ce a jefar da ita bayan wata 3 da buɗewa, saboda ƙwayoyin cuta suna hayayyafa a cikinta. Haka kuma ba a yin kwalliyar ido a cikin mota tana tafiya, don gargada ɗaya ta isa tsinke ya karce ƙwayar ido.

Sai mu zo ga batun da ya fi kowanne nauyi, wato shi kansa kwallin gargajiya. Da yawa daga cikin dutsen nan mai sheƙi da ake niƙawa ma'adinin dalma ne. A shekarar 2011, a birnin Boston na ƙasar Amurka, likitoci sun gano dalma ta yi yawa a jinin wani jariri ɗan wata 6 wanda iyayensa ƴan Nijeriya ne. Da aka bincika, sai aka tarar tun yana da mako 2 ake sa masa tozali sau uku zuwa huɗu a mako. Da aka auna tozalin, kashi 82.6 cikin 100 dalma ce, kamar yadda hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta bayyana a 2012. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki, ta nan gubar take shiga cikinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jiki da aka san ba ya cutarwa. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta rage masa fahimta, tana kuma ratsawa daga mai ciki zuwa ga ɗan da ke cikinta. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga ƙarshen sharrinta a 2010, lokacin da gubar dalma daga wuraren haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400. Da ido ba a iya bambanta kwalli mai dalma da marar dalma, ko na kasuwa ne ko na tsarabar alhazai. Saboda haka muna roƙon iyaye mata da kakanni da ungozomomi su daina sa wa jarirai, masu ciki ma su ajiye shi. Mai son baƙin layi ta nemi fensirin ido mai rufi, wanda aka rubuta abin da ya ƙunsa da ranar lalacewarsa.

Abu na gaba shi ne aro. A gidan biki za ka ga tandu ɗaya da tsinke ɗaya suna yawo a idon ƙawayen amarya goma. Ta haka ciwon ido yake yaɗuwa, musamman afolo, wanda ya samo sunansa a Gana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya kai mutum duniyar wata. Idan kika je wajen mai kwalliya, ki tafi da fensirinki da maskararki. Idan kuma ido ya yi ja, ko yana kwantsa, a dakatar da kwalliya, a zubar da kayan da aka yi amfani da su, a tafi gidan likita maimakon sayen maganin ɗigawa a hannun masu talla.

Da dare kada ki kwanta da kwalliya. Ki sami auduga mai tsabta, ki ɗiga mata man zaitun kaɗan, ki rufe ido ki goge a hankali daga ciki zuwa waje, kowane ido da audugarsa, sannan ki wanke da ruwa. Mai koyo ta riƙa gwadawa a gida ranar da ba ta da fita, domin yau da gobe ita ke sa hannu ya saba. Allah Ya kare mana ganinmu.