2.4 Kwatancin Linux da Windows Server a Matsayin Babbar Manhajar Uwar Garke

A wannan sashe za a dubi bambancin da ke tsakanin manhajojin biyu. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a Helsinki a shekarar 1991, buɗaɗɗiya ce, wato lasisinta na GPL ya ba kowa damar duba rubutun shirinta, ya gyara, ya kuma rarraba. Ita kuwa Windows Server, wadda ta samo asali daga Windows NT ta 1993, mallakar kamfanin Microsoft ce. Ana sayen lasisinta, sannan a sayi wani lasisin domin masu shiga uwar garken.

Sai dai rashin kuɗin lasisi ba ya nufin rashin ɗawainiya. Linux na bukatar ƙwararren ma'aikaci, kuma kamfanin Red Hat na karɓar kuɗin tallafi. Haka nan, kowace manhaja tana da wa'adi: an daina sabunta Windows Server 2012 a Oktoba 2023, CentOS 7 kuma a Yuni 2024. Bisa ga wannan, ya kamata ma'aikata ta auna tsawon wa'adin tallafi da ƙwarewar ma'aikatanta kafin farashi, domin uwar garken da aka daina toshe wa kafofin ɓaraka, bayanan cikinta na cikin haɗari.