Furen wardi ma yana da awo: yadda za ku ciyar da shi ba tare da cutar da iyali ba

A makon jiya wata baiwar Allah ta shigo kantinmu a nan Keffi hankali a tashe, ɗanta ɗan shekara uku ya damƙi takin yuriya ya kai baki, ya zaci sukari ne. Ta ajiye shi ne a robar madara domin furen wardin da ta dasa a tsakar gida. Allah Ya taƙaita, yaron ya yi amai ya warware. Da muka tattauna sai na gano furen ma ƙonewa yake yi, domin duk mako take zuba masa taki.

Shi taki kamar magani yake, idan ya wuce awo sai ya zama cuta. Lambobin 15-15-15 da kuke gani a buhun kamfa suna nufin kashi 15 cikin ɗari na kowane ɗaya daga sinadarai uku: naitirojin mai fito da ganye, fosfaras mai ƙarfafa saiwa, da fotashiyam mai taimaka wa fure da jure cuta. Ita kuwa yuriya kashi 46 ce ta naitirojin kaɗai, shi ya sa take cika wardi da ganye, fure ya yi ƙaranci. Ga gindi ɗaya da ya yi ƙarfi, cokalin cin abinci ɗaya zuwa biyu na kamfa ya isa, sau ɗaya cikin mako huɗu zuwa shida. Ku jiƙa ƙasar tukuna, ku barbaɗa shi a kewaye, tazarar taƙi guda daga kara, sannan ku sake ba da ruwa. Sabon dashe kuwa a bar shi sai ya fito da sabon toho.

Kashin kaji da na shanu suna da kyau, amma ɗanyensu yana ƙona saiwa, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa. Ku tara shi a gefe, inda yara ba sa wasa, ya ruɓe tsawon wata uku, sai ya yi baƙi warinsa ya tafi.

Daga Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu da zafin da ke biyo ta kan shanye danshin ƙasa cikin sa'o'i kaɗan. Maganin wannan shi ne lulluɓe gindin. Buntun shinkafa, ɓawon gyaɗa da busasshen ganyen mangwaro duk suna yi, kuma ba su da wuyar samu a Jihar Nasarawa. Ku shimfiɗa kaurin santimita 5 zuwa 7, ku bar tazarar yatsu uku a jikin kara domin kada ya ruɓe ko gara ta hau. Wannan shimfiɗa tana riƙe ruwa, tana hana ciyawa, idan ta ruɓe kuma ta zama taki. Sai dai kunama na son irin wannan sanyi, don haka ku riƙa juya ta da sanda kafin ku sa hannu.

Ƙaya ma ba abin rainawa ba ce. Ƙwayar tetanus, cutar da ke sarƙe haƙora ta sandarar da jiki, tana zaune a ƙasa da kashin dabbobi, kuma ƙaramin suka ya ishe ta shiga. Ku sa safar hannu mai kauri. Idan ƙaya ta soke ku, ku wanke da sabulu da ruwa mai yawa. Wanda ya haura shekara 10 bai yi allurar rigakafin ba, ya je a yi masa.

Taki da maganin feshi su zauna a mazubinsu na asali, a sama, a kulle. Idan yaro ya sha, kada ku ɗura masa manja ko madara, kada ku tilasta masa amai. Ku garzaya da shi Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Keffi ko asibiti mafi kusa, tare da buhun ko kwalbar, domin likita ya ga abin da ya sha.

Allah Ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa.