Yaya kaset yake riƙe murya?

Da yawa cikinmu muna da tsohon kaset ajiye cikin akwati. Wani yana ɗauke da waƙar Ɗan Gurmu. Wani saƙo ne na ɗa da ya tafi cin rani Abijan. Wani kuma muryar mahaifi ce wanda ya riga mu gidan gaskiya. To, yaya murya take zama a ciki?

Ku dubi zaren kaset da kyau. Leda ce siririya, faɗinta bai kai milimita 4 ba. An shafe ta da garin ƙarfe mai laushi. In mutum ya yi magana, na'ura tana mai da muryarsa lantarki. Lantarkin yana shiga wani ɗan ƙarfe da ake kira kai, ya mai da shi maganaɗisu. Zare yana wucewa bisa kan, garin ƙarfen yana ɗaukar alama, kamar yadda rairayi ke ɗaukar sawun dabba. In an kunna, kai ya bi sawun, murya ta dawo.

Wani mutum a Jamus, Fritz Pfleumer, shi ya ƙago wannan zare a 1928, da takarda. A 1963 kamfanin Philips na Holan ya fito da ƙaramin kaset da muka sani. Mai lamba 60 yana ɗaukar minti 30 kowane gefe. Nan Nijar, ƴan rediyo-kulob sun zaga ƙauyuka suna ɗaukar maganar manoma bisa zare, ana sa ta a rediyo.

Yau waya ta kori kaset daga kasuwa, amma zare bai mutu ba. Tun 1951 ake ajiye bayanan kwamfuta bisa zare, kuma manyan ma'aikatu na duniya suna yi har yanzu, don yana da araha, yana daɗewa.

Sai dai zare yana da abokan gaba: zafi, ƙura, laima da maganaɗisu. Saboda haka:

1. Kada a bar kaset cikin rana.
2. Kada a aza shi bisa lasifika, akwai maganaɗisu a ciki.
3. A rufe shi cikin gidansa, nesa da ruwan damina.
4. A karya ƴan haƙoran nan biyu na samansa, don kada a goge shi bisa kuskure.
5. A nemi mai rediyon kaset, a kunna, a ɗauki muryar cikin waya.

Kada mu yi jinkiri. In zare ya lalace, muryar tsohonmu ta tafi ke nan, jikoki ba za su ji ta ba.