Wa Ke Riƙe Da Maɓallin Magana A Taron Intanet?

Tun daga 2020, lokacin da annobar korona ta rufe ofisoshi da makarantu, taro ta intanet ya zama ruwan dare. Kamfanin Zoom ya ce masu halartar taro a manhajarsa kowace rana sun tashi daga miliyan 10 a Disamban 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilun 2020, kuma a watan Mayun shekarar ne Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta yi zamanta na farko ta wannan hanya. Annoba ta wuce, al'adar ta zauna daram. Sai dai har yau ba mu tsaya mun daidaita wanda ke ba da izinin magana a irin wannan taro ba, balle ƙa'idar da zai bi.

Mai karatu, karɓa-karɓar magana ba ƙaramin ilimi ba ne. A 1974 Harvey Sacks da Emanuel Schegloff da Gail Jefferson suka fayyace ƙa'idojin da mutane ke bi, ba tare da sun sani ba, wajen miƙa wa juna zance. Binciken da Tanya Stivers ta jagoranta a 2009 kan harsuna 10 ya nuna cewa tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa, a matsakaici, ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba. Wato mai sauraro yana hango ƙarshen maganar ɗan'uwansa tun kafin ta ƙare, daga saukar murya da kallo da jan numfashi. A zauren Bahaushe kuwa gyaran murya kaɗai ya isa neman izini, ko a ce "Allah gafarta malam". Ga kuma amshi: "na'am", "ƙwarai", "haka ne", wanda da shi mai magana ke auna ko ana tare da shi. Jinkirin isar sauti ta intanet yana dagula wannan lissafi, rufe makirfon kowa kuma yana kashe amshin baki ɗaya.

Maganin da masu manhaja suka kawo shi ne alamar ɗaga hannu, wadda ke jera mutane bisa wanda ya riga dannawa. A ido adalci ne. Amma wanda ya riga shi ne mai ƙarfin sabis, shi kuwa wanda layinsa ya yanke ya sake shigowa, sai ya tarar hannunsa ya sauka, ya koma ƙarshen layi. Abin da ya fi damuna ma shi ne alama ɗaya ce ke ɗauke da buƙatu mabambanta. Mai son gyara adadin da aka faɗa ba daidai ba, da mai jan hankali cewa an saɓa ƙa'idar taro, da mai sabon batu, duk hannu iri ɗaya suke ɗagawa. Kafin a zo kan mai gyaran, an riga an gina shawara a kan kuskuren. Majalisar Wakilan Birtaniya ta ɗanɗana irin wannan a Afrilun 2020: jerin masu magana ya koma rubutacce tun kafin zama, kuma katse mai jawabi da tambaya, wanda shi ne gishirin muhawararsu, ya tsaya.

Sai batun iko. A zaure shugaban taro ne ke ba da dama, amma a manhaja wanda ya buɗe taron ne ke riƙe da maɓallin rufe baki da na kora, kuma sau da yawa sakatare ne ko ma'aikacin kwamfuta. A Disamban 2020, a taron majalisar garin Handforth da ke Ingila, Jackie Weaver, wadda ke riƙe da maɓallin, ta fitar da shugaban majalisar kansa. Duniya ta sha dariya da bidiyon ya bazu a Fabrairun 2021, amma rahoton binciken da ya fito a 2022 ya ce ba ta da hurumin yin haka.

A ganina, majalisun jami'o'inmu da hukumomin kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwararru su rubuta wannan cikin dokokin zamansu. Mai maɓalli ya yi aiki da umarnin shugaba kawai, a bainar jama'a. A keɓe wa gyara da jan hankali hanyarsu daban, ko da kalma ɗaya ce a akwatin rubutu, su tsallake layi. Wanda sabis ya yanke masa a mayar masa da gurbinsa. Sannan sakatare ya rubuta a bayanan taro sunan duk wanda aka rufe wa makirfo ko aka fitar, da dalilin, da kuma hannayen da ke sama lokacin da aka kaɗa ƙuri'a.