Saƙon da Hanji Ke Aikawa Ta Jini

A ranar 16 ga Janairu 1902, a ɗakin gwaji na University College da ke Landan, William Bayliss da Ernest Starling suka kwantar da kare a kan tebur bayan sun ba shi maganin barci. Surukan juna ne, domin Bayliss na auren 'yar'uwar Starling, amma abin da ya haɗa su ranar wata tambaya ce da ta daɗe tana ci wa masana tuwo a ƙwarya.

Asid ɗin da ke cikin tumbi yana da ƙarfin narkar da nama, kuma shi ne ke kwarara cikin farkon ƙaramin hanji duk bayan cin abinci. Abin da ke hana shi ƙona wurin shi ne baikabonet, sinadarin da ake samu a kanwa, wanda ke kashe tsami. Bangon hanjin na fitar da shi cikin yauƙin da ya lulluɓe shi, sannan fankiriyas, wadda ke kwance a bayan tumbi, tana turo shi da yawa. To, wa ke sanar da ita cewa asid ya iso? Ivan Pavlov na Rasha, wanda a lokacin maganarsa ce ake bi a wannan fanni, ya ce jijiyoyin saƙo ne.

Sai surukan nan suka ware wani yanki na hanjin karen, suka yanke duk jijiyoyin saƙon da ke zuwa gare shi, suka bar na jini kaɗai. Suka zuba masa asid mai rauni. Ba a jima ba ruwan fankiriyas ya fara ɗiga. Nan take Starling ya gane cewa ta jini saƙon ke bi. Ya yanko wani ɓangaren hanjin, ya kankare fatar cikinsa, ya niƙa ta da yashi da asid, ya tace da auduga, ya ɗura wa karen a jijiyar wuya. Ruwan ya ɓarke fiye da na farko. Kayan aikin da ya warware gardamar ke nan: yashi, turmi da auduga.

Sun raɗa wa sinadarin da ke kai saƙon suna sikiritin. Pavlov ya sa aka maimaita gwajin a ɗakinsa na Santa Fitasbag, ya ga zahiri, ya amince, abin da ba kowane babban malami ke iya yi ba. A 1905 Starling ya kira irin waɗannan 'yan saƙo na jini homon, kuma sikiritin ne na farko da aka gano.

Yau an san cewa ƙwayar cutar Helicobacter pylori da magungunan ciwo irin su asfirin suna rage baikabonet ɗin da bangon hanji ke fitarwa, kuma a daidai farkon ƙaramin hanji ne gyambon ciki ya fi yawan fitowa.