Aƙida da Wajibin Aiki: Horar da Shugabannin Kamfanoni a Birnin New York

Horar da shugabannin kamfanoni, wato zaman da ƙwararre ke yi da babban ma'aikaci su biyu, yana yi masa tambayoyi har ya gano wa kansa inda jagorancinsa ke buƙatar gyara, sana'a ce da ta samu ƙungiyarta ta duniya, ICF, a shekarar 1995 ta hannun Thomas Leonard. A New York, inda Jami'ar Columbia ke koyar da ita, wahalar sana'ar takan fito fili idan wanda ake horarwa mai riƙo da addini ne.

Musulmin da ya kai matsayin darakta a wani bankin Wall Street yana aiki ne a kasuwar hannun jarin da ke buɗewa ƙarfe 9:30 na safe ta tashi 4 na yamma, ga sallar Juma'a a tsakiyarta, ga liyafar dare inda ake ƙulla ciniki a kan teburin giya, uwa-uba kuma kuɗin ruwa, wanda shi ne ginshiƙin harkar. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta wajabta wa kamfani sassauta wa ma'aikaci saboda ibadarsa, Kotun Ƙolin Amurka kuma ta ƙara mata ƙarfi a shari'ar Groff ta 2023, sai dai doka ba ta isa wurin liyafar da ake tantance wanda za a ƙara wa girma ba.

A nan amanar mai horarwa take, domin galibi kamfani ne ke biyansa, kuma abu ne mai sauƙi ya ɗauki aƙidar mutum a matsayin cikas da za a lallashe shi ya ajiye, wanda hakan cin amana ne ko da an yi shi da tattausan lafazi. Haka kuma shi ba malami ba ne balle ya yi fatawa. Rarrabe abin da addini ya wajabta da abin da sabo kawai ya ɗora hurumin mutumin ne da malaminsa. Abin da ya rage wa mai horarwa shi ne ya taimaka masa ya keɓe awar Juma'a a jadawali tun farkon mako, ya mayar da ganawar dare ta koma ta karin kumallo, ya koyi faɗin matsayinsa a gaban hukumar gudanarwa ba kame-kame. Batun kuɗin ruwa kuwa ya fi ƙarfin jadawali, kuma wani lokaci tattaunawar takan kai ga komawa sashen zuba jarin halal, wanda ya samu ma'aunin Dow Jones na kasuwar Musulunci tun 1999, ko barin bankin gaba ɗaya.